Yaƙin Ƙarfe a Cikin Jini: Me Ya Sa Aka Ce Hajiya Ta Ajiye Maganin Ƙarin Jini?

  

Makon jiya wata baiwar Allah daga Aboabo ta aiko mana da saƙon murya. Ɗanta mai shekara biyu ya kwana uku yana zazzaɓi da gudawa, tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari fat. Ta ruga kemis ta sayo kwalbar maganin ƙarin jini. Da ta kai shi asibiti, ma'aikaciyar jinya ta ce ta ajiye kwalbar tukuna, a fara maganin zazzaɓin, in ya warke a dawo a auna jini. Hajiya ta ce abin ya ɗaure mata kai. Yaro ba jini, kuma a ce a ajiye maganin jini?

Hajiya, tambayarki ta yi kyau, kuma na tabbata iyayenmu mata da yawa sun taɓa yin ta a zuci. Ni 'yarku ce, 'yar jarida, ba likita ba, amma na bi sawun maganar, kuma ta kai ni wurin da ban zata ba: ƙofofin da ke jikin ƙwayoyin cuta. Ku ba ni aron kunnuwanku.

Ƙarfen da ke jikinka

Abin da ke cikin yawancin magungunan ƙarin jini shi ne sinadarin baƙin ƙarfe. Eh, dangin wanda makanikai ke bugawa a Suame Magazine. Babban mutum yana da kamar giram 3 zuwa 4 a jikinsa, wato nauyin ƙaramar ƙusa. Kusan kashi biyu cikin uku na wannan yana cikin jajayen ƙwayoyin jini, shi ke ɗaukar iskar oksijin daga huhu ya kai ta ko'ina. In ya yi ƙaranci sai ka ga mutum ya yi fari, yana haki, yana jiri.

To ba mu kaɗai muke bukatarsa ba. Bakteriya, waɗannan ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda in dubu suka jeru da ƙyar su kai kaurin tsinken ashana, kusan dukkansu ba sa iya hayayyafa sai da ƙarfe. Da shi suke samun ƙarfin aiki, da shi suke haɗa kayan da za su rabu gida biyu. Haka ma wasu 'yan'uwansu da ake kira arkiya, waɗanda wani masani ɗan Amurka, Carl Woese, ya nuna a 1977 cewa jinsinsu daban ne duk da kamannin da ke tsakani. Ban da baƙin ƙarfe, suna bukatar ɗan zink, ɗan manganis, ɗan tagulla, wasu kuma nikel da kobalt. Kaɗan-kaɗan ne, kamar gishiri a miya, amma in babu, aiki ya tsaya.

Ganuwa da ƙofofi

Duk wanda ya san tsohon birnin Kano ya san ganuwa da ƙofofinta. Haka ƙwayar bakteriya take. Tana da tantani na maiƙo da ya kewaye ta. Wasu, kamar masu kawo taifot da kwalara, tantaninsu biyu ne, na waje da na ciki, da ɗan fili a tsakani. Ƙarfen da ya narke a ruwa ba ya ratsa maiƙo. Dole ya bi ta ƙofa. Ƙofofin nan furotin ne da ƙwayar ke ƙerawa ta dasa a jikin tantaninta, kuma kowace ƙofa da irin kayan da ta sani. Direbobinmu masu bin Paga da Aflao sun gane wannan: kaya ba ya wucewa sai an duba shi, kuma sai an biya kuɗin fito. Ita ma ƙwaya tana biya. Akwai wani babban dangi na ƙofofi da ake kira ABC, wanda ake samu a bakteriya da arkiya duka. Yana da ɗan aike da ke cafke ƙarfen a waje, da mashiga a cikin tantani, da inji a ciki mai ƙona makamashin ƙwayar don ya buɗe mashigar. Kowane loda sai an kashe makamashi.

Bari in ba ku misali uku, don ku ga yadda kowane ƙarfe ke da ƙofarsa.

Na farko, masu fama da olsa. Yawancin gyambon ciki wata ƙwaya ce ke kawo shi, Helicobacter pylori, wadda likitoci biyu 'yan Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Tsamin cikin mutum yana kashe yawancin ƙwayoyi, ita kuwa tana zaune lafiya. Dalili, tana da ƙofar nikel mai suna NixA. Da nikel ɗin take kunna wani sinadari da ke kashe kaifin tsamin da ke kewaye da ita. In babu nikel, sinadarin ba ya aiki, ita ma ba ta da wurin zama.

Na biyu, mahautanmu na mayankar Kaase. Tumbin saniya cike yake da bakteriya da arkiya. Su ke narkar mata da ciyawa. Wasu daga cikinsu suna shigar da kobalt su haɗa bitamin B12, bitamin da babu dabba ko tsiro da ke iya haɗawa, sai waɗannan ƙananan halittu. A Ostareliya da New Zealand an taɓa yin yankunan da tumaki da shanu ke ramewa suna mutuwa ga ciyawa shar a gabansu, sai a shekarun 1930 aka gano ƙasar ce ba ta da kobalt. Su kuma arkiyan tumbi nikel suke sha, da shi suke yin iskar gas ɗin da saniya ke gyatsawa.

Na uku, ƙwayar da ke yawan kawo ciwon huhu ga yara, wato nimoniya. Tana da ƙofar manganis. Masu bincike a Adelaide sun nuna a 2011 cewa in zink ya yi yawa, yakan shiga hannun ɗan aiken ƙofar ya maƙale, kamar makullin da ba na kwaɗon ba ya karye a ciki. Manganis ya kasa shiga, ƙwaya ta yi rauni.

Kun ga ashe ƙofar nan ita ce rayuwar ƙwaya, ita ce kuma lagonta.

'Yan gwangwan

Mu dawo kan baƙin ƙarfe, don shi ya fi wuyar samu. Ku tuna tsohuwar mota da aka yar a Suame. Iska da ruwa sun taɓa ta, ta yi tsatsa. Ka zuba tsatsa a ruwa, ba ta narkewa, sai ta kwanta a ƙasa. Duk inda akwai oksijin, haka ƙarfe yake zama, ga shi da yawa amma ba ya shayuwa.

Dabarar da bakteriya suka yi ta ba ni mamaki. Kun san 'yan gwangwan, yaran da ke bin unguwa-unguwa suna sayen tsohon ƙarfe su kai wa maigidansu? To bakteriya suna ƙera nasu. Wasu ƙananan sinadarai ne da ake kira sidarofo, ma'ana masu ɗaukar ƙarfe. Ƙwaya ta sake su waje, su yi ta yawo, in suka haɗu da ƙarfe su rungume shi gam, su dawo. A tantanin waje akwai ƙofa da ta san kamannin yaron gidan, da wani furotin mai suna TonB da ke miƙo ƙarfi daga ciki ya zare toshiyar ƙofar. Daga nan ɗan aike ya karɓa ya miƙa wa ƙofar ABC ta ciki. Wanda E. coli da Salmonella ke yi, sunansa enterobaktin, yana cikin abubuwan da suka fi kowa riƙon ƙarfe a duk abin da aka sani. Ƙwayar tarin fuka ma tana da nata, maikobaktin. Har akwai ƙwayoyi masu wayo da ke buɗe ƙofa ga yaran wani gida, wani ya sha wahalar aike, su su ci riba. A inda oksijin ya yi ƙaranci kuwa, kamar cikin hanji, ƙarfe yakan zauna a narke, sai su shigar da shi kai tsaye ta wata ƙofa mai suna Feo.

Amma fa ƙarfe in ya yi yawa a cikin ƙwaya guba ne, yana ƙona ta daga ciki. Saboda haka akwai mai gadi, Fur, wanda da zarar rumbu ya cika yake hana ƙera sababbin ƙofofi da sababbin 'yan gwangwan. In rumbu ya yi ƙasa, ya sake ba da izini.

Yadda jikinmu ke kulle rumbu

Yanzu ga inda maganar ta shafi ɗan Hajiya. Allah cikin hikimarsa ya tsara jikinmu ta yadda kusan babu ƙarfen da ke yawo sakaka. Na cikin jini yana ɗaure a hannun wani furotin, taransferin. Na ajiya yana kulle a hanta da saifa da ɓargo. A hawaye da miyau da nonon uwa akwai laktoferin, shi ma aikinsa kama ƙarfe, kuma ya fi yawa a dakashi, nonon farko da wasu ke matsewa su zubar. Iyayenmu, don Allah a daina zubarwa. Ko ƙwan kaza yana da irin wannan tsari. A 1944 masana biyu a Amurka, Arthur Schade da Leona Caroline, suka ga cewa ɗanyen farin ƙwai yana hana wasu ƙwayoyi girma, in an ƙara masa ƙarfe kuma su ci gaba da girma. Ashe farin ƙwai shinge ne na yunwa da aka kewaye gwaiduwa da shi.

In cuta ta shiga, jiki yana ƙara matse hannu. Hanta takan saki wani sinadari, hepsidin, wanda aka gano wajen 2000 zuwa 2001. Cikin 'yan sa'o'i sai ya rufe ƙofar da ƙarfe ke bi daga hanji zuwa jini, ya kuma sa ma'ajiyai su riƙe abin da ke hannunsu. Ƙarfen da ke cikin jini ya faɗi ƙasa. Da gangan ne. Gari ne ya kulle rumbunansa don mahara su rasa abinci. Wani masani, Eugene Weinberg, shi ya raɗa wa wannan suna a 1975, abin da za mu iya kira garkuwar hana abinci.

Su ma maharan ba su zauna ba. Jikinmu yana da furotin da ke cafke enterobaktin a hanya, sai Salmonella ta liƙa wa nata ɗan gwangwan sukari, ya sauya kama, ya wuce ba a gane shi ba. Ƙwayar sanƙarau, wadda mutanen arewacin Gana da Nijar da arewacin Najeriya suka sani sarai lokacin zafi, ba ta ma aika kowa. Tana da ƙofa da ke kama taransferin ɗin mutum kai tsaye ta zare ƙarfen daga hannunsa. Ƙwayar maruru kuwa, Staphylococcus aureus, fasa jajayen ƙwayoyin jini take yi ta kwashi ganima.

Masu haɗa magani sun koyi darasi daga nan. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Wani kamfanin Japan, Shionogi, ya ɗaura maganin kashe ƙwayoyi a jikin abin da ya yi kama da ɗan gwangwan. Ƙwaya mai yunwar ƙarfe ta buɗe ƙofa da kanta ta shigar da ajalinta. Sunan maganin cefiderocol, Amurka ta amince da shi a 2019, kuma a asibiti kawai ake yin allurarsa, ga cututtukan da suka gagari sauran magunguna.

Abin da aka gani da ido

Wani zai ce wannan duk zancen ɗakin gwaji ne. A'a, an gani a jikin mutane, kuma a nahiyarmu.

Lokacin babban farin Sahel na farkon shekarun 1970, wasu likitoci da ke aiki a wani asibiti a gabashin Nijar sun lura da wani abu. Mutane su zo da yunwa, a fara ba su abinci, bayan 'yan kwanaki zazzaɓin cizon sauro ya tashi musu, har da 'yan rakiya da suka zo lafiya. Da aka auna, sai aka ga ƙarfen jininsu ya hau bayan cin abincin. An buga wannan a mujallar Lancet a 1975. Ƙwayar maleriya ba bakteriya ba ce, amma ita ma da ƙarfe take rayuwa.

A tsibirin Pemba na Tanzaniya, inda maleriya ta yi katutu, an yi gwaji da yara sama da 24,000 'yan ƙasa da shekara uku. Sakamakon da ya fito a 2006 ya nuna cewa waɗanda aka ba ƙarfe da folik asid kullum sun fi sauran shiga haɗarin kwanciya asibiti ko mutuwa da kashi 12 cikin ɗari, har aka tsayar da wannan ɓangare na gwajin kafin lokaci. Amma a lura, da aka duba wani rukuni da kyau, yaran da tun farko suke da ƙarancin ƙarfe sun amfana.

A Kwaddibuwa, maƙwabtanmu, an ba 'yan makaranta biskit mai ƙarin ƙarfe wata shida. Rahoton 2010 ya nuna dangin E. coli da Salmonella sun ƙaru a hanjinsu, ƙwayoyin kirki kuma, dangin masu sa nono ya yi tsami, sun ragu. Dalilin a fili yake: ƙarfen da jiki bai sha ba yana gangarawa babban hanji, wanda ya fi ƙofofi da 'yan gwangwan shi ke cin kasuwa.

Sai kuma nan gida Gana. Cibiyar binciken lafiya ta Kintampo da abokan aikinta sun yi gwaji da yara kusan 2,000, wasu aka riƙa barbaɗa musu garin sinadarai mai ƙarfe a abinci, wasu marar ƙarfe. Amma kowa an ba shi gidan sauro mai magani, kuma duk wanda ya kamu an yi masa magani da wuri. Sakamakon 2013 ya nuna maleriya ba ta ƙaru ba a wurin masu shan ƙarfen, ko da yake an ɗan fi kwantar da su a asibiti lokacin gwajin. Shi ya sa shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2016 ta ce a wuraren maleriya a ba yara ƙarfe tare da rigakafi da gwaji da maganin maleriya. Hatta yaron da tamowa ta kama sosai, ƙa'idar asibiti ita ce ba a fara masa da ƙarfe, sai ya farfaɗo ya soma ƙiba.

To, me za mu yi?

Hajiya, kin ga ma'aikaciyar jinyar nan ta san abin da take yi. Yaron da ke cikin zazzaɓi, hantarsa ta rufe ƙofar hanji. Yawancin abin da za ki ɗura masa ba zai shiga jini ba, zai wuce wurin masu jiransa a ƙasa, ga shi kuma yana gudawa. A kashe wutar tukuna, ƙofa ta buɗe, sannan magani ya yi amfani.

Kada kuma wani ya ji wannan shiri ya je ya watsar da maganinsa. Ƙarancin jini babbar matsala ce a unguwanninmu, yana dakushe ƙwaƙwalwar yaro, yana jefa mai ciki cikin haɗari ranar haihuwa. Mai juna biyu da aka ba ƙwayoyin ƙarfe a wurin awo, ki sha kamar yadda aka ce, ki kwana cikin gidan sauro, ki karɓi maganin rigakafin maleriya. 'Yan mata da ake ba ƙwayar mako-mako a makaranta, ku ci gaba da sha. Abin da muke ja wa kunne shi ne saye da ka, a ɗura wa marar lafiya ba gwaji.

In yaro ya yi fari kuma yana zazzaɓi, asibiti za a nufa a ranar, a yi gwajin maleriya, a auna jini. In yana haki ko ya kasa shan nono, ko minti ɗaya kada a ƙara, wataƙila ƙarin jini na gaske yake bukata, kwalbar kemis ba za ta yi wannan aiki ba. In gudawa ce, ruwan gishiri da sukari na ORS da ƙwayar zink na kwana 10 zuwa 14, kamar yadda ma'aikatan lafiya ke koyarwa.

A kuma tuna ba kowane farin ido ne rashin ƙarfe ba. A Gana kusan jarirai biyu cikin ɗari ana haifarsu da sikila, kuma a nan Kumasi, a Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye, aka fara gwajin jarirai tun 1995 a ƙarƙashin marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong. Mai sikila jininsa fashewa yake yi, ƙarfen yana nan a jikinsa, in ana yawan ƙara masa jini ma yakan yi masa yawa. Kada a ba shi maganin ƙarin jini sai da izinin likitansa.

Sauran kuma tukunya ce. Hanta, nama, kifi, wake, kontomire, zogale. A haɗa da lemu ko tumatir, suna taimaka wa hanji ya sha ƙarfen ganye da na wake. Shayi kuwa yana hana shi, saboda haka 'yan ataya ku bar ɗan lokaci tsakanin kwano da kofi. Ƙwayoyin ƙarfe na manya a ɗaga su sama inda hannun yaro ba ya kaiwa, domin in ƙaramin yaro ya haɗiye da yawa guba ce mai iya kisa.

Hajiyar Aboabo, muna yi wa yaro fatan samun sauƙi, Allah ya raya mana shi. In an koma an auna jinin, ki aiko mana mu ji yadda aka yi. Sauran masu sauraro, ƙofarmu a buɗe take, ku ci gaba da turo tambayoyinku. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.